Kayanka a Ɗakin Mutane

Ɗana,

Mahaifinka ya kira ni ya shaida mini cewa ka sami gurbin gado a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, kuma ya ƙoƙarta ya saya maka kwamfutar tafi-da-gidanka, ta hannu amma mai lafiya. Allah ya sanya albarka, ya sa a gama lafiya. Ka san halin Yaya, ba zai taɓa gaya maka abin da ya sayar kafin kuɗin su cika ba, ni ma ba zan tona masa asiri ba. Abin da zan ce kawai, in wannan ta ɓace, ta biyu ba za ta zo da wuri ba. Shi ya sa na ga ya dace in zauna in rubuta maka abin da idona ya gani a shekarun da na yi a ofishin kula da harkokin ɗalibai na wata jami'a kafin in yi ritaya, inda da wuya mako ya fita ba a shigo mana da kukan ɓatan kaya ba.

Ɓarawon hostel ba kasafai yake fasa ƙofa ba, don ba ya bukata. In ka zauna ka saurari masu kawo ƙara, labarin kusan ɗaya ne, bakin da ke faɗa ne kawai yake canzawa. "Wallahi ban daɗe ba, wanka kawai na shiga." "Ruwa aka kawo, na ruga da bokiti." "Na bar ta tana caji na sauka sallar Magariba, ai akwai mutum a ɗakin." Ka kira mutumin da aka bari a ɗakin, ya ce shi ma ya leƙa maƙwabta karɓo gishiri, bai ga dalilin kulle ƙofa saboda taku goma ba. Mai ɗauka ya fi ku sanin zirga-zirgarku. Ya san lokutan da gini ke zama wayam: Juma'a da an tafi masallaci, daren da manyan ƙungiyoyin Turai ke buga ƙwallo kowa ya tattara ɗakin kallo, safiyar da 'yan aji ɗaya ke rubuta jarabawar da ta haɗa kowa. Sai ya bi baranda yana tura ƙofofi ɗaya bayan ɗaya. In ya tarar da mutum, ya yi sallama ya tambayi wani suna da ya ƙirƙira, a ce masa ba nan ba ne, ya ba da haƙuri ya wuce gaba. In bai tarar da kowa ba, kafin mai alwala ya kai wankin ƙafa ya gama ya sauka. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma ƙofar da aka bari a sake ita ce warin.

Kulle ƙofar kuwa ba aikinka ne kai kaɗai ba, kuma a nan ne wahalar take. Tun da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 yawan masu neman ilimi a ƙasar nan yake ninkawa, har ya zama a duk manyan jami'o'inmu na gwamnati ɗalibai sun fi gadaje yawa nesa ba kusa ba. Ko hostel ɗin Danfodiyo aka ba ka, ko Akenzua, ko ICSA, da mutanen da ba kai ka zaɓa ba za ka zauna, kowannensu kuma yana da ɗan garinsu, da ɗan ajinsu, da wanda bai sami gado ba yana neman inda zai raɓa. Dokar makarantu ta hana raɓe, amma ni da na yi aikin na san ana yi, na kuma san kunyarka ba za ta bar ka ka kori ɗan unguwarku da jaka a hannu ba. To, ka sani duk wanda ya kwana a ɗakin ya zama ƙarin hannu a kan makulli. Saboda haka tun makon farko, kafin a saba har magana ta yi nauyi, ku zauna ku yi yarjejeniya. Makulli nawa ne, wa da wa ke riƙe da su. Wanda ya fita ƙarshe ya kulle, ko bayan gida zai je. Ba a ajiye makulli a saman ƙofa, ko cikin tsohon takalmi a bakin ɗaki, ko ƙarƙashin bokiti. Waɗannan wuraren duk wanda ya taɓa kwana a hostel ya san su. In makulli ɗaya ya ɓace, a haɗa kuɗi a canza kwaɗo ran nan, kada a tsaya ana cewa zai fito. Kwaɗon da kuka tarar a ƙofa ma ku cire shi, domin ba ku san mutum nawa suka yanka makullinsa a bara da bara waccan ba.

Ka yi wannan magana cikin raha, ka fara da kanka: "Jama'a, ni mai mantuwa ne, duk wanda ya ga na fita ban kulle ba ya ci ni tara." Da haka babu wanda zai ji kamar shi ake nufi.

Batun kwaɗo, kada ka yi tsumulmula. Ƙananan nan masu sheƙi da ake sayarwa a kan tire, da yawansu makullin wani yana buɗe wani, wasu kuma bugu ɗaya ya ishe su. Amma ko ka sayi mai nauyi, ka duba abin da ka maƙala shi a kai. Na sha ganin loka da ƙaton kwaɗo a rataye, lafiyarsa lau, an kwance kusoshin maƙalarsa da sukuddireba an kwashe kayan ciki an mayar. Ka kira kafinta ya sa maka maƙalar da kusoshinta ke ɓuya in an rufe, ka ƙwanƙwasa bayan lokar ka ji ko katakon ya ruɓe. Akwatin ƙarfe irin wanda ka je makarantar kwana da shi, wanda na ji kana cewa ba za ka kai shi jami'a a yi maka dariya ba, ya fi kowace jaka mai taya amfani. Zik ɗin jaka da tsinin biro ake buɗe shi, ko da kwaɗo a jiki. Ka tura akwatin ƙarƙashin gado, ka ɗaure hannunsa da ƙafar gadon da 'yar sarƙa. In kuma gadonka na jikin taga ne a hawan ƙasa, kada waya ko kwamfuta ta kwana kusa da tagar. Reza ta ishi ragar sauro, doguwar sanda mai ƙugiya kuma ba ruwanta da ƙarfen taga. Kana barci za a janye wayar da cajarta.

Yanzu bari in zo kan aro, domin a ganina kayan da suka salwanta ta hanyar aro ba su gaza waɗanda aka sace ba, kuma ciwonsu ya fi daɗewa. Mun taso a gidan da ake jin kunyar hana abu, kuma ba na so jami'a ta mayar da kai marowaci. Za a zo maka. Wani zai buga aikin da malami ya bayar, wani zai cike fom, wani fim kawai zai kalla, wasu kuma so suke a haɗa gasar ƙwallo a kanta har asuba. Wanda ka ara wa sau da yawa mutumin kirki ne, matsalar ba daga shi take ba. Shi ma yana da abokin da ba zai iya hanawa ba, abokin kuma zai bar ta a ɗakin wani ya tafi lacca. Ranar da ta ɓace, za ka tarar ta bi hannu uku ko huɗu, kowa yana rantsuwa, kuma babu wanda ke da kuɗin biya. Ka rasa kwamfuta, ka rasa aboki, iyaye su shigo ciki, a yi ta jan magana har ku gama makaranta ba kwa gaisawa.

Abin da na ga ya fi zama lafiya shi ne ka bayar, amma a gabanka. "Bismilla, ga kujera, zauna ka yi aikinka a nan." Kada ta fita ɗakin a hannun wani, kada ta kwana a waje. Ka buɗe wa baƙi asusu na daban a cikinta, wanda ba ya kaiwa ga takardunka kuma ba ya iya saka sabuwar manhaja, don kada ka riƙa raba kalmar sirrinka. Mai bukata ta gaskiya wannan zai ishe shi. Wanda ya nace sai dai ya tafi da ita, ka ce masa Baffanka ya kafa maka sharaɗi, kuma ba ƙarya ka yi ba, ga shi na kafa. Na yarda a zage ni a bayan ido, ba zan ji ba. In ka riƙe wannan ƙa'ida ga kowa, har da amininka, cikin 'yan makonni za a san halinka a daina jin haushi. Abin da ke jawo gaba shi ne ka ba wane ka hana wane.

A wajen ɗaki kuma, ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da azuzuwan da ake karatun dare su ne inda za ka fi zama da ita. Kada ka kama wuri da kwamfuta ka fita shan iska, littafi ya isa kama wuri. Kada ka waiwayi baƙon da ke gefenka ka ce "don Allah duba mini," domin ba ka san shi ba, shi ma bai ɗauki alkawarin zama har ka dawo ba. Mai karatun dare kuma barci ne abokin gabarsa: wajen ƙarfe uku kai zai sauka kan tebur, a farka a ga caja kawai. In ka ji idonka ya fara nauyi, ka rufe ta ka sa a jaka, ka zura hannunka ko ƙafarka cikin igiyar jakar. A masallaci ka shiga da jakarka ka ajiye ta a gabanka, ba a baya wajen takalma ba, kuma kada ka jona waya a bango ka tayar da salla a sahun da ba ka ganinta. Jakar ma gara ta goyo wadda ba ta da wani fasali, da irin wadda kowa ya gani ya san abin da ke ciki.

Duk wannan a kan ƙarfe da roba muke magana, abin da in Allah ya hore za a sake saye. Akwai wani yaro ɗan ajin ƙarshe da ya taɓa shigowa ofishinmu da safe, ƙafarsa ba takalmi, ya zauna a benci ya kasa magana. Da ya samu ya buɗe baki, bai ambaci kuɗin kwamfutar ba ko sau ɗaya. Cewa yake yi, "Baba, babi huɗu ne a ciki, da duk alƙaluman da na tattaro a ƙauyuka, saura kwana kaɗan in miƙa." Na tambaye shi ko yana da kwafi a wani wuri. Ya ce yana da shi a filas. Ina filas ɗin? Yana cikin aljihun jakar da aka ɗauka. Har takarda ya liƙa a bangon hostel yana roƙon wanda ya ɗauka ya riƙe kwamfutar ya dawo masa da aikin kawai. Ba a dawo da shi ba.

Don haka ka ɗauki wannan da muhimmanci fiye da kwaɗo: duk aikin da ka sha wahala a kansa ya kasance yana wuri biyu ban da kwamfutar, ɗaya daga ciki kuma ba a ɗakinka ba. Duk mai adireshin Gmail yana da wurin ajiya na kyauta har gigabait 15 a Google Drive, wanda ya fi ƙarfin duk rubutun da za ka yi daga ajin farko har na ƙarshe, in dai ba fina-finai ka cika shi da su ba. In hakan ya yi maka nisa, ka tura wa kanka aikin ta imel duk daren da ka ƙara wani abu, data kaɗan yake ci. Filas kuma ya zauna a aljihunka ko jikin makullanka, ba cikin jakar kwamfuta ba. Ka kuma yi hattara da kai shi shagunan buga takardu, domin kwamfutocinsu na karɓar filas ɗin kowa, kuma a nan ake kwaso cutar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar maka gajerun hanyoyi marasa komai. Gara ka mayar da aikin PDF ka tura wa mai shagon ta imel ko WhatsApp.

Kalmar sirrin da kake sawa in ka kunna kwamfuta tana hana ɗan leƙe, amma ba ta hana wanda ya san aiki. Zai ciro faifan ajiyar da ke cikinta ya jona a wata na'ura ya karanta komai: hotunan gida, takardunka, kalmomin sirrin da ka bar wa burauza ta riƙe maka. Maganin wannan shi ne a rufe faifan gaba ɗaya. A Windows ana kiran abin BitLocker, a kwamfutocin Apple kuma FileVault. In taka tana da shi ka kunna, amma ka kula, Windows za ta ba ka wata doguwar lamba mai alƙaluma 48 ta buɗewa in an sami matsala. Ka tabbata ta shiga asusunka na Microsoft, ka kuma rubuta ta a takarda ka bari a gida, don in ka rasa ta kai ma ka kulle kanka a waje, babu mai gyaran da zai iya taimakonka.

Tun kafin ka bar gida, ka juya kwamfutar ka dubi ƙarƙashinta. Akwai lambar shaidarta, wadda masu gyara ke kira siriyal. Ka rubuta ta, ka ɗauki hotonta tare da rasit ɗin saye. A waya kuma ka danna *#06#, lambar IMEI mai alƙaluma 15 za ta fito, ita ma ka rubuta. Ka turo mini su, ka ba mahaifiyarka kwafi ta sa cikin takardun gida. Sau da yawa jami'an tsaro kan kama mutum da kaya, masu ƙara su taru, kowa ya ce tasa baƙa ce ƙirar HP, kuma baƙaƙen HP sun fi a ƙirga. Mai lamba a rubuce shi ke tafiya da kayansa. Ka ƙara da wata alama taka da ba ta gogewa a wurin da kai kaɗai ka sani. In makaranta tana rajistar kwamfutoci a ofishin tsaro ko wurin masu gadin hostel, ka je ka yi, kada ka ce ɓata lokaci ne.

Waya kuwa, yanzu ba ita ɓarawo ya fi so ba, layin da ke cikinta yake nema. Da layinka a hannunsa, duk saƙon banki da lambobin tabbatarwa wurinsa za su je, kuma an kwashe wa mutane da yawa kuɗi ta lambobin nan da ake dannawa ba tare da intanet ba, tun kafin su gama neman wayar a ƙarƙashin katifa. Kulle fuskar waya bai hana a zare layin a sa a wata. Ka sa wa layin kansa lambar sirri, yadda duk wayar da aka sa shi sai ta tambaya. In an kuskure sau uku zai rufe, sai da lambar PUK da ke jikin katin da aka ɓallo layin, saboda haka ka adana wannan katin. Kada ka ajiye lambar BVN ko ta katin cirar kuɗi a cikin jerin sunaye ko saƙonni, kada kuma lambar sirrinka ta zama shekarar haihuwarka. Manyan bankuna suna da lambar da ake dannawa daga kowace waya a rufe asusu nan take. Ka tambayi bankinka tasu, ka haddace ta kamar lambar mahaifinka. WhatsApp ma ka sa masa lambar tabbatarwa mai alƙaluma shida, don kada a wayi gari wani yana roƙon danginmu kuɗi da sunanka.

Takardunka na asali, wato sakamakon WAEC ko NECO, takardar haihuwa, shaidar ƙaramar hukuma da takardar JAMB, da zarar an gama tantancewa ka dawo da su gida a zuwanka na farko. Kwafi da hoto a Drive sun ishe ka harkar yau da kullum. WAEC ba ta sake buga takardar shaidar da ta ɓace kamar ta farko, sai dai ka bi ta rantsuwar kotu da rahoton 'yan sanda a ba ka wata shaida a madadinta, kuma wahalar ba kaɗan ba ce. Ƙanwarka ma in lokacinta ya zo ka gaya mata haka game da ɗan kunne da sarƙar gwal: hostel ba wurinsu ba ne, ko da bikin ƙawa za a yi.

Akwai kuma masu cin kaya da ba mutane ba. Wutar lantarki in an ɗauke ta takan dawo da ƙarfin da ya wuce kima, ta ƙona caja, wani lokaci har da cikin na'urar. Da an ɗauke wuta ka zare kayanka daga bango, in an dawo da ita ka ɗan jira ta daidaita. Kada ka jona kwamfuta a soket ɗaya da hita ko abin girki na lantarki, irin soket ɗin nan da ya yi baƙi ana tura masa tsirarar waya ana tokarewa da ashana. Gobarar ɗakunan ɗalibai yawanci daga irin wannan take tashi, ko daga hitar da aka manta a bokiti aka ɗauke wuta aka fita, ko kyandir, musamman da hunturu da komai ya bushe. Hunturun Zariya kuma ƙura gare shi, ka riƙa rufe kwamfutar cikin jaka in ba aiki kake ba. Kada ka ɗora ta a kan katifa ko bargo tana aiki, kafofin shan iskarta a ƙasa suke, in sun toshe zafi zai gajiyar da batir har ya kumbura. Kofin shayi da kwanon indomi su zauna nesa da ita. Da damina, ka rufe taga kafin ka tafi lacca ko da gari garau yake.

To, in duk da haka Allah ya ƙaddara an ɗauka, ka fara da abin da ke ƙara lalacewa in an jinkirta: ka ari waya ka rufe asusun banki, ka sa a toshe layin, ka canza kalmar sirrin imel. Sannan ka sanar da mai gadin hostel da ofishin tsaro, ka ba su lambobin da ka rubuta. In manhajar nemo waya ta nuna maka inda take, kada ka tara abokai ku tafi da kanku, ka kai wa hukuma. Ka kira ni kafin ka kira mahaifiyarka, na fi ta iya jin irin wannan labari.

Sai abin da na fi jin tsoro a kanka fiye da asarar. Mutum in ya yi rashi zuciyarsa takan nemi wanda za ta ɗora wa, kuma ta fi saurin sauka kan wanda ya fi kowa talauci a ɗakin, ko mai raɓe, ko wanda ba yarenku ɗaya ba, ko ba addininku ɗaya ba. Na ga yaron da aka bi da kallon ɓarawo shekara guda, daga baya kayan suka fito a hannun wani da ba ma ɗalibi ba ne. Babu wanda ya je ya ba shi haƙuri a bainar jama'a kamar yadda aka tozarta shi a bainar jama'a. Ka faɗa wa hukuma abin da ka gani da idonka, da sunayen waɗanda ke ɗakin in an tambaye ka, amma kada bakinka ya furta wane ne sai da shaida. Kada ka je wurin mai duba ya nuna maka wani. Masu liƙa takarda a bango suna barazanar jan Yasin a kan caja, su ma ka bar su da abinsu.

In kuma ka ji ihun "ɓarawo!" a hostel, kada ƙafarka ta kai ka cikin masu duka. A ranar 5 ga Oktoba 2012, a garin Aluu na jihar Ribas, taron jama'a ya kashe ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal bayan an yi musu ihun satar kwamfuta da wayoyi. An yi musu duka, an cinna musu wuta, ana ɗauka a waya. Ba a taɓa tabbatar da satar a kansu ba. A 2017 kotu ta yanke wa mutum uku hukuncin kisa a kan lamarin, cikinsu har da ɗan sanda. Waɗanda suka taru a wurin ran nan ba da niyyar kisa suka fito daga gidajensu ba, ihu suka ji suka bi. In an kama wani, kai ka zama mai rugawa kiran jami'an tsaro.

Haka nan kada ka zama kasuwar ɓarawo. Wani zai zo maka da waya ko kwamfuta a rabin kuɗinta, ba kwali, ba rasit, ba caja, ya ce kuɗin makaranta ne suka matse shi. Wataƙila gaskiya ne, wataƙila kuma ta wani ce da ke kuka a ginin da ke kallon naku. Doka tana hukunta mai karɓar kayan sata, kuma in aka bi sawun waya, wanda aka same ta a hannunsa shi ake fara kamawa. In za ka sayi ta hannu, ka je shago tsayayye, ko a PZ nan Zariya, ko Farm Centre ko Beirut a Kano, a rubuta maka rasit mai ɗauke da lambar na'urar da sunan shagon.

Game da hutu, kada ka bar abin da kake so a ɗaki da sunan kwana kaɗan ne za a dawo. A watan Maris na 2020 malaman jami'a sun fara da yajin aikin gargaɗi na mako biyu, annobar korona ta zo ta haɗu da shi, ba a janye ba sai Disamba. A 2022 an ce mako huɗu ne daga 14 ga Fabrairu, aka wayi gari sai 14 ga Oktoba. Waɗanda suka tafi da 'yar jaka ɗaya suka bar sauran a loka, da yawansu sun dawo sun tarar abin da mutum bai ɗauka ba, ɓera da gara da danshin damina sun gama da shi. In nan gaba ka koma haya a cikin Samaru ko Hayin Dogo ko Palladan, abin ya fi haka, domin duk unguwa ta san ranar da ɗalibai ke watsewa. Katifa da bokiti da tukunya za ka iya bari wurin wanda ka yarda da shi. Kwamfuta da takardu su biyo ka.

A mota kuma, in ka je tashar Kwangila za ka hau, jakar kwamfutar ta zauna a kan cinyarka. Kwandasta zai ce ka kawo a sa a but don a sami wurin zama, ka ba shi haƙuri ka riƙe abarka. A but ana ɗora mata buhu, kuma ana sauke fasinja a hanya ba ka ganin jakar da ya ɗauka. In an tsaya salla ko cin abinci, ka sauka da ita.

Ka gaishe mini da mahaifiyarka da ƙannenka. Ina jiran lambobin nan kafin ranar tafiyarka.

Baffanka.